Jinin Dabba da Makomar Ƙwayar Cuta: Nazari kan Dalilin da Ya Sa Wasu Dabbobi Ke Riƙe Bakteriyar Kaska, Wasu Kuma Su Kashe Ta

Gabatarwa

Akwai kaskar da ba ta zaɓen jini. Wadda ta fi yawa a dazuzzukan Turai, mai suna Ixodes ricinus, tana kama ɓera da bushiya da tsuntsu da ƙadangare da barewa da tunkiya, har da mutum idan ya ratsa cikin ciyawa. Da a ce shan jini kaɗai ke raba cuta, da duk dabbar da wannan kaska ta ciza ta zama matattarar duk wata bakteriya da ke cikinta. Amma binciken da aka yi a daji da ɗakunan gwaji ya nuna akasin haka. Wasu dabbobin suna karɓar bakteriyar, su riƙe ta makonni ko watanni, su miƙa ta ga kowace sabuwar kaska. Wasu kuwa jininsu na shiga cikin kaska sai bakteriyar ta mutu.

Wannan nazari ya ɗauki cutar Lyme a matsayin babban misali, domin a kanta aka fi zurfafa bincike. Abin da yake son tabbatarwa shi ne, zama matattarar cuta ba hali ba ne da aka halicci wata dabba da shi ita kaɗai. Sakamako ne na dacewa tsakanin wata bakteriya takamaimai da garkuwar jikin wata dabba takamaimai. Daga nan kuma zai nuna cewa dabbar da ke kashe bakteriya ba lallai ba ne ta rage wa mutane hatsarin kamuwa.

Cutar Lyme da zagayen rayuwar kaska

A shekarar 1975 aka lura da yawan yara masu kumburin gaɓoɓi a garin Lyme da kewaye, a jihar Konetikat ta Amurka. Likita Allen Steere da abokan aikinsa suka bi diddigin lamarin, suka bayyana cutar a 1977. A 1981 Willy Burgdorfer ya ga wata bakteriya siririya mai murɗewa a hanjin kaska, aka buga sakamakon a 1982, daga baya aka sa mata suna Borrelia burgdorferi. A yau hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ƙiyasta cewa kimanin mutum 476,000 ake yi wa maganin wannan cuta kowace shekara a ƙasar.

Kaskar da ke ɗaukar ta sau uku take shan jini a rayuwarta: tana jaririya, tana matashiya, sannan bayan ta balaga. Kowane sha a jikin dabba daban take yin sa, ta kwana biyu zuwa mako tana manne, ta faɗo ƙasa; bayan sha na farko da na biyu kuma ta yi saɓa. Muhimmin abu a nan shi ne, uwar kaska kusan ba ta gadar wa ƙwanta wannan bakteriya. Jaririya tana ƙyanƙyashewa da tsabtarta. Dabbar da ta fara sha ce ke yanke mata hukunci. In ta faɗa kan dabbar da ke riƙe da bakteriyar, za ta tashi matashiya mai cuta, kuma matashiyar ce ta fi sa wa mutane, saboda ƙanƙantarta ba ta bari a gan ta da wuri.

Saboda haka tambayar ko wace dabba ce ke iya harbin jaririyar kaska ita ce ginshiƙin fahimtar yaɗuwar cutar. Wani bincike da Kathleen LoGiudice da Richard Ostfeld da abokansu suka buga a 2003 ya auna wannan a dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka. Jariran kaskar da suka sha jinin ɓera mai fararen ƙafafu, fiye da kashi 90 cikin 100 sun ɗauki bakteriyar. Waɗanda suka sha jinin jaɓa ko ƙaramin kuregen yankin, wajen rabi. Waɗanda suka sha na barewa mai farar wutsiya kuwa ba su kai kashi 5 ba. Daji ɗaya, kaska iri ɗaya, amma tazarar ta kai haka.

Rundunar da ke cikin ruwan jini

Don gane musabbabin wannan tazara, sai an koma ga wani ɓangare na garkuwar jiki da ake haihuwar dabba da shi, wanda ba ya jiran ya taɓa haɗuwa da cuta kafin ya yi aiki. A 1895 Jules Bordet, ɗan ƙasar Beljiyam da ke aiki a Cibiyar Pasteur ta Faris, ya nuna cewa akwai wani abu a ruwan jini da ke fasa bakteriya, kuma zafi na lalata shi. Wannan aiki na cikin abin da ya jawo masa kyautar Nobel ta 1919. Abin da ya gano shi ake kira kwamfilimen: furotin fiye da 30, akasarinsu hanta ke yin su, suna yawo cikin jini, ɗaya na tayar da ɗaya.

Hanyoyi uku ne ke tayar da su. Ta farko tana bin antibodi da suka riga suka manne wa baƙo. Ta biyu tana gane wasu nau'o'in sukari da ke bayan ƙwayar cuta. Ta uku, wadda ta fi shafar batunmu, ba ta jiran kowace alama. Wani furotin mai suna C3 kullum yana fashewa kaɗan-kaɗan, gutsurensa mai suna C3b ya manne wa duk fatar ƙwayar halittar da ke kusa, ta gida ko ta baƙo. In ba a tsayar da shi ba, sai ya jawo wasu su taru, har a kai ga haɗa wani bututu da ke huda fatar ƙwayar, ruwa ya shiga, ta fashe.

Abin da ke hana jiki cin kansa shi ne wasu furotin masu tsawatarwa, babbansu Fakta H. Shi yana gane ƙwayoyin halittar gida, ya zauna a kansu, ya taimaka a wargaza C3b kafin aikin ya yi nisa. Baƙon da ba shi da wannan kariya shi ake hudawa. Borrelia ta samo dabarar tsira: tana da wasu furotin a bayanta, irin su CspA da CspZ da OspE, da ke cafko Fakta H na dabbar su lulluɓe ta da shi. Kamar baƙo ne ya ari rigar 'yan gida ya wuce masu gadi. Sai dai ƙirar Fakta H ta bambanta daga dabba zuwa dabba. Na ɓera daban, na tsuntsu daban, na barewa daban. Furotin ɗin da ya iya kama ɗaya ba lallai ya kama ɗayan ba, kuma a nan ne rabon dabbobi ke farawa.

Hujjar Turai: kowace Borrelia da gidanta

A Turai aka fi ganin wannan a fili, domin can ba Borrelia ɗaya ke sa cutar Lyme ba, dangi ne guda. Akwai Borrelia afzelii, da Borrelia garinii, da Borrelia valaisiana, da ita kanta Borrelia burgdorferi, duk kaska ɗaya ke ɗaukar su. Masu kama dabbobi a daji sun lura cewa kaskar da aka cire daga jikin ɓeraye galibi afzelii take ɗauke da ita, wadda aka cire daga jikin tsuntsaye kuwa garinii ko valaisiana.

A 1998 Klaus Kurtenbach da abokan aikinsa a Ingila suka gwada dalilin a ɗakin gwaji. Suka zuba kowane nau'in Borrelia cikin ruwan jinin dabbobi daban-daban. Afzelii ta rayu a ruwan jinin ɓeraye, ta mutu a na tsuntsaye. Garinii da valaisiana suka rayu a na tsuntsaye, suka mutu a na ɓeraye. Burgdorferi ta tsaya a tsakiya, tana iya jure wa ɓangarorin biyu gwargwado, abin da ya yi daidai da yadda ake samun ta a dabbobi iri-iri. Ruwan jinin barewa kuwa ya kashe su gaba ɗaya. Da aka ɗumama ruwan jinin don lalata kwamfilimen, sai kisan ya tsaya. Abin da aka gani a kwalba ya zo daidai da abin da aka gani a daji.

Wani abin lura shi ne inda wannan tacewa ke faruwa. Jinin da kaska ta sha ba ya mutuwa nan take. Kwamfilimen ɗinsa na ci gaba da aiki a hanjinta. Ke nan matashiyar kaska mai ɗauke da garinii in ta kama ɓera, jinin ɓeran na iya hallaka bakteriyar tun kafin ta isa yawun kaskar. Binciken da Yi-Pin Lin da abokansa suka yi a Cibiyar Wadsworth da ke Albany ya ƙarfafa wannan. A 2018 suka nuna cewa CspA, wanda bakteriyar ke samarwa tana cikin kaska, shi ke kare ta yayin shan jini, kuma nau'in CspA da take da shi shi ke tantance ko za ta iya ƙetarawa zuwa jikin dabbar. Daga baya suka gwada ɓera da tsuntsun salwa, suka ga kowane nau'i na CspA da dabbar da yake buɗe wa hanya. Bayan ta shiga jiki sai CspZ ya karɓi aikin kare ta a cikin jini.

Ƙadangare da barewa

A Kalifoniya ƙananan kaskar yankin, Ixodes pacificus, sun fi shan jinin wani ƙadangare mai shuɗin ciki da ake kira Sceloporus occidentalis. A 1998 Robert Lane da Gary Quistad na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gano cewa Borrelia na mutuwa cikin ƙanƙanin lokaci a jinin wannan ƙadangare, kuma matashiyar kaska mai cuta in ta sha jininsa takan tashi balagaggiya ba cutar. Bincike na gaba ya nuna hanya ta uku ta kwamfilimen ce ke wannan aiki. Wannan na cikin dalilan da suka sa manyan kaskar Kalifoniya kashi kaɗan ne ke ɗauke da bakteriyar, alhali a wasu dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka adadin kan kai rabi.

Da wannan sai mutum ya yi saurin cewa ƙadangare maƙiyin Borrelia ne. Amma a Fotugal da Tunisiya da wasu sassan tsakiyar Turai akwai Borrelia lusitaniae, wadda ƙadangaru ne matattararta. Haka ma barewa mai farar wutsiya. Ruwan jininta na kashe Borrelia burgdorferi, kamar yadda masu bincike a Jami'ar Massachusetts suka tabbatar a 2023. Amma ita ɗin ce babbar matattarar Ehrlichia chaffeensis, wata bakteriyar kaska da ke sa wa mutane zazzaɓi a kudancin Amurka da tsakiyarta. Bambancin shi ne Ehrlichia ba ta zama a fili cikin ruwan jini; cikin fararen ƙwayoyin jini take shiga ta ɓuya, inda kwamfilimen ba ya kai mata. Ita ma Anaplasma phagocytophilum tana da wani nau'i a Amurka da ke zaune a barewa ba ya kama ɓera, da wani da ke kama ɓera da mutum. Duk wannan na nuna cewa ba a iya yanke wa dabba hukunci sai an ambaci bakteriyar da ake magana a kanta.

Abin da kwamfilimen bai bayyana ba

Duk ƙarfin wannan hujja, ba ita kaɗai ke riƙe da bayanin ba. Ruwan jinin mutum na kashe yawancin nau'o'in garinii a kwalba, amma garinii na cikin manyan masu sa wa Turawa nau'in cutar da ke taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ke nan a jiki mai rai akwai wasu abubuwan da kwalba ba ta nunawa.

Na farko shi ne yawun kaska. Dabbar da za ta kwana da kwanaki da baki cikin fatar wani dole ta iya kwantar da garkuwarsa. Yawunta na ɗauke da furotin masu hana jini daskarewa, masu rage kumburi, da masu toshe kwamfilimen. Ɗaya daga cikinsu, Salp15, yana manne wa bayan Borrelia ya kare ta. Wurin cizo ya zama wani ɗan fili da garkuwa ta yi rauni, kuma ta nan bakteriyar ke samun shiga. Har ma takan wuce daga kaska mai cuta zuwa marar cuta da ke sha kusa da ita ba tare da ta bazu a jinin dabbar ba. An nuna wannan a jikin tumaki a tsaunukan arewa maso yammacin Ingila a 1997.

Na biyu shi ne yadda jikin dabba ke tunkarar kaskar kanta. Tun 1939 William Trager ya nuna cewa ɓeran Masar in kaska ta cije shi sau ɗaya, a karo na gaba fatarsa kan yi bore har kaskar ta kasa ƙoshi ko ta mutu. Tunda Borrelia burgdorferi galibi tana buƙatar kaska ta yi fiye da yini guda a manne kafin ta ƙetara, dabbar da ke korar kaska da wuri tana katse hanyar. Ɓera mai fararen ƙafafu kuwa ba ya irin wannan bore. Kaska na sha a jikinsa karo bayan karo.

Na uku shi ne haƙuri da cuta. Matattara ta gari ba ita ce wadda cuta ke kayarwa ba, domin gawa ba ta ciyar da kaska. Ita ce wadda ke riƙe bakteriyar tsawon lokaci ba tare da ta galabaita ba. Aikin Alan Barbour da abokansa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya nuna cewa jikin ɓera mai fararen ƙafafu yana sassauta kumburi idan aka kwatanta da ɓeran gida. Ita kuma bakteriyar tana yawan sauya wani furotin na bayanta mai suna VlsE, ta yadda antibodi ba sa cim mata. Ɓeran na yawonsa lafiya, kaska na ɗiba.

Daga jinin dabba zuwa lafiyar al'umma

Daga waɗannan bayanai Richard Ostfeld da Felicia Keesing suka gina ra'ayin cewa dajin da ke da dabbobi iri-iri yana rage kason kaska masu cuta, domin jarirai da yawa za su faɗa kan dabbobin da ba sa harbin su. A Turai Dania Richter da Franz-Rainer Matuschka sun ga alamar haka a makiyaya: kaskar da ta sha jinin shanu ko awaki takan rasa Borrelia, kuma kason masu cuta ya ragu inda ake kiwo.

Sai dai hatsarin mutum ba daga kaso kaɗai yake zuwa ba; yana zuwa daga yawan kaska masu cutar da ke jira a ciyawa. Dabbar da ke kashe bakteriya tana kuma ciyar da kaska. A 2011 Andrea Swei da abokanta suka buga sakamakon wani gwaji a Kalifoniya inda suka kwashe ƙadangaru daga wasu filaye. An yi tsammanin cuta za ta ƙaru. Sai ya zamana yawancin jariran kaskar ba su sami wata dabbar da za su kama ba, adadin matasan kaska masu cuta ya ragu. Barewa ma haka: jininta na kashe Borrelia, amma a jikinta manyan kaska ke ƙoshi su sami ƙarfin zuba dubban ƙwai. A tsibirin Monhegan na jihar Maine, bayan an kawar da barewa tsakanin 1996 da 1999, kaskar ta yi ƙasa ƙwarai cikin 'yan shekaru. Dole a riƙa yi wa kowace dabba tambaya biyu: me jininta ke yi wa bakteriya, kuma kaska nawa take rayawa?

Inda batun ya taɓa Afirka ta Yamma

Cutar Lyme ta ƙasashen arewa masu sanyi ce, amma dangin Borrelia na nan yankinmu. A Senegal da Mali da Muritaniya akwai Borrelia crocidurae, mai sa zazzaɓin da ke tafiya ya dawo. Wata kaska mai laushin jiki, Ornithodoros sonrai, da ke zama a ramukan ɓeraye har cikin ɗakunan kwana, ita ke yaɗa ta, ɓeraye da jaɓa ne matattararta. A ƙauyen Dielmo na Senegal, binciken da aka yi daga 1990 zuwa 2003 ya nuna kusan mutum 11 cikin 100 na kamuwa kowace shekara, kuma sau da yawa ana ɗaukar ta zazzaɓin cizon sauro ne. Masu kiwon kaji kuma suna fama da Borrelia anserina, wadda kaskar akurki ke yaɗawa, kuma tsuntsaye take kamawa.

A garken dabbobi, Ehrlichia ruminantium, mai tara ruwa a kewayen zuciya, tana yi wa tumaki da awaki da shanun da aka shigo da su daga waje mummunar ɓarna, alhali na gida da suka tashi cikin kaska sukan jure, su ci gaba da riƙe ta. Shanu masu tozo kuma an daɗe da sanin sun fi na Turai iya korar kaska. Duk mai shirin kawo sabon iri cikin garke yana sauya ma'aunin garkuwar garken ne baki ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba.

Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa rabon bakteriyar kaska tsakanin dabbobi yana da tushe a cikin jini. Kwamfilimen na tace nau'o'in Borrelia tun daga hanjin kaska. Wadda furotin ɗinta ya dace da Fakta H na dabbar ita ke wucewa. Yawun kaska, da boren fata, da haƙurin jiki da cuta, su ke ƙarasa tantance wace dabba za ta zama matattara. Ya kuma nuna cewa sakamakon kwalba, komai ingancinsa, ba ya isa a gina shawarar kashe wata dabba ko yawaita wata a kansa.

Darasin da ya fi shafar masu bincikenmu na fannin dabbobi da lafiyar jama'a shi ne na hanyar aiki. Samun alamar bakteriya a jinin dabba ba ya nufin ita ce matattara. Sai an nuna cewa kaska mai tsabta ta sha jininta ta ɗauka, an gwada ruwan jininta da nau'in bakteriyar da ke yankin, an kuma ƙirga kaskar da take ciyarwa. Da irin wannan aiki aka warware batun ɓera da barewa da ƙadangare a Amurka da Turai, kuma yawancinsa ba ya buƙatar kayan da suka fi ƙarfin jami'o'inmu. Ɓerayen rumbunanmu da jaɓa da bushiya da zabi da awaki sun cancanci a yi musu irin wannan awo, domin a kansa ne za a san inda ya kamata a sa kuɗi da ƙarfi wajen kare mutane da dukiyarsu.